TSOHON ZAURE DA AZARARSA: TARIHIN DA KE BISA KAWUNANMU

Zuwa ga iyayenmu dattawa da ke gida, da 'yan uwanmu 'yan biɗa da ke Yamai, Kwatano, Lome, Abijan, Legas da sauran wurare. 

Abin da ya sa munka ɗauki alƙalami a wanga karo shi ne maganar tsofaffin gidajenmu. Kowace shekara, in kaka ta yi, kuɗin biɗa sunka iso gida, sai a tada tsohon ɗaki ko tsohon zaure, a kafa na siminti da kwano a gurbinsa. Wannan abin murna ne, don shina nuna ɗiyan gari ba su manta da gida ba. Sai dai akwai wani abu da ke salwanta cikin ƙurar rushewa, wato iccen rufi. Azarar da ta ɗauki ƙasa bisa kan kakanninmu shekara da shekaru, sai ka gan ta an yi turken jaki da ita, ko an tokare danga, ko kuma ta ƙare ƙarƙashin tukunyar biki. A gidaje da yawa na ƙasarmu, iccen nan shi ne abu mafi tsufa da ya rage. Ya girmi maigida, ya girmi bangon da ya ɗauke shi, wani lokaci ma ya girmi unguwar. Muna so mu duba tare inda ya fito, da yadda anka yi aiki da shi, da dalilin da ya sa bai kamata a yi mishi riƙon sakainar kashi ba.

ƘASAR DA GIDAN YA TSIRO CIKINTA

Kowane gini ɗan ƙasarsa ne. Ƙasarmu ta Arewa, wadda tun 2011 anka raba ta gunduma biyu, ta Dogon Dutsi da ta Tibiri, tana kwance ne cikin Dallol Mawri. Dallol tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da, ya gangaro daga arewa har ya kai kogin Kwara wajen Gaya. Cikin kwarin rairayi ne, ruwa kuma bai da nisa ƙarƙashin ƙasa. Gefe da gefe ga duwatsu da fako, inda sabara da geza ke fitowa. Daga nan ne magina na farko sunka samu kayan aikinsu duka: icce daga daji, gamba daga fadama, laka daga tabki.

Dattawa sun faɗa mamu cewa Gubawa ne sunka fara zama, Sarauniya a Lugu, Baura a Bagaji, su ne masu ƙasa. Daga baya Ari, ɗan sarkin Barno, ya zo, anka ba shi ɗiyar gidan Baura, ta haifi Akazama, wanda daga gare shi sarautar Arewa ta samo tushe. Matankari ta zama mazaunin Sarkin Arewa, 'ya'yan sarauta kuma sunka bazu kudu, har anka samu sarautu irin na Tibiri da Takassaba da Kara-kara. Wani Bafaranshe mai bincike, Marc-Henri Piault, ya zauna da tsofaffinmu ya rubuta wanga tarihi cikin littafin da ya fito a 1970. Amma littafin da Faransanci yake, kuma mafi yawan maganarsa ta sarauta ce da yaƙi. Tarihin gida, wato wa ya gina, da me ya gina, ina ya samo icce, wannan yana nan cikin bakin tsofaffi da cikin rufin ɗakuna.

GIDAN ICCE NA FARKO

Yaran yanzu na tsammani gidan ƙasa shi ne gidan asali. A gaskiya gidan talakan Arewa na da, icce ne da ciyawa. A kafa dirkoki a kewaye, a zagaya su da zana ko kara, a ɗaure jinka a ƙasa da tsumagu masu lanƙwasuwa, a yi tanka, sannan maza su taru su ɗaga ta su aza. Daga nan sai baibaya da shuci, daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya rufe bakin na ƙarƙashinsa don ruwa shi zurare. Ba ƙusa ko ɗaya, igiya ce kawai ta kaba ko ta ɓawon kalgo. Wanda ya san daji ya san iccen da ya dace da kowane wuri. Ƙirya ake nema don dirka da gindin rumbu, saboda tauri gare ta, gara ba ta cin ta da sauƙi. Geza da sabara su ne na ɗaurin jinka. Wanga sani ba a lakwal ake koyonsa ba, yaro na ɗaukarsa ne wajen gayya, shina miƙa igiya shina kallo.

Garin kansa ma da icce ake tsare shi. A ƙarni na 19 ƙasarmu ba ta ga kwanciyar hankali sosai ba. A 1849, lokacin da Yakubu Nabame na Kabi ya yi wa Gwandu da Sakkwato tawaye, Arawa na cikin waɗanda sunka mara mishi baya, tare da Zabarmawa da Dandawa. Sunan Samna Ƙarhe na Tibiri daga waɗannan yaƙe-yaƙe ya shahara. Ga kuma harin mahaya daga arewa. A irin wanga zamani, garin da bai da ƙarfin ganuwa sai ya yi kafi, wato a jera gumagumai a kafe su kusa da kusa, a ƙara da ƙaya, a bar ƙofa ƙunƙunta. In kun ji tsoho ya ce wuri kaza nan ne bakin kafi, to iyakar tsohon gari yake nuna muku, ko da yau gonar gero ce.

Wanda ke son ganin darajar irin wanga gini sai ya tuna da Lugu. A watan Afrilu na 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya iso ƙasarmu daga yamma, shina ƙone garuruwa shina kwasar mutane da hatsi. A Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta sunka tsaya sunka yi faɗa, da kibau gaban bindigogi, kafin su janye cikin daji. Ayarin ya wuce ya yi ɓarnar da kowa ya sani a Birnin Ƙonni, kuma a watan Yuli na shekarar shugabanninsa biyu sunka mutu a hannun sojojinsu can wajen Tasawa. Lugu kuwa ta sake tashi. Mutane sunka komo, sunka sari icce, sunka yanki ciyawa, sunka ɗaure jinka kamar yadda iyayensu ke yi. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya yi silima a 1986, kuma a 2006 gwamnatin Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da ta gabatar wa hukumar UNESCO don a duba su a matsayin gadon duniya, tare da fadar Zarmakwai ta Doso da tsohon Birnin Damagaram. Ku lura da kyau. Lugu ba ta da bene, ba ta da hasumiya. Abin da ya kai ta cikin jerin nan shi ne tarihinta, da dutsen Tunguma, da sarautar Sarauniya, da zama irin na kakanni cikin ɗakunan da hannu ke sabuntawa. Ashe gidan ciyawa ma na iya zama abin alfahari ga ƙasa baki ɗaya.

AZARA DA SORO

Sannu a hankali soro ya shigo, wato ɗakin ƙasa mai rufin ƙasa. Ya fara daga gidajen sarakuna da malamai da fatake, waɗanda sunka ga irinsa a Sakkwato, Argungu, Katsina da Kano. Da Faransawa sunka zauna a Dogon Dutsi sunka kafa bariki, ginin ƙasa ya ƙara yawa. Kada mu manta kuma cewa gine-ginen mulkin mallaka da aikin tilas anka yi su, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Kakanninmu ne sunka kwaɓa ƙasar, su ne sunka ɗauko iccen a ka.

Rufin ƙasa nauyi gare shi, saboda haka ba kowane icce ke iya ɗaukarsa ba. A nan giginya ta yi sarauta. Giginya akwai namiji akwai mace, kuma masassaƙa sun fi son tsohon namiji, don jikinsa ya fi cika da ƙarfi. In itaciyar ta manyanta takan yi ciki a can sama, to abin da ke ƙasa da cikin nan shi ne iccen kirki. A kayar da ita, a tsaga gangar a tsaye gida-gida, a fidda tsakiyar mai taushi, a bar gefen nan baƙi mai tsiya-tsiya kamar an cusa wayoyi. Shi ne azara. Gara na wahala kafin ta ci ta, ba ta saurin ruɓa, in dai ba a bar ruwa ya zauna mata ba.

Azara na da iyaka. In an shimfiɗa ta ita kaɗai, anka aza mata ƙasa, ba ta son tazarar da ta wuce wajen mita biyu, sai ta fara lanƙwasa. Dubarun maginin Hausa kusan duka daga wagga iyaka sunka fito. In ɗaki ya fi faɗi, sai ya fara gitta gajerun azara a kusurwoyi huɗu don ya rage fili, ya sake gitta wasu bisa waɗancan, har tsakiya ta rufe. Shi ya sa in kun ɗaga kai a tsohon soro kuke ganin icce a jere kamar saƙar tabarma. Ko kuma ya fito da azara daga cikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, don su tarbi babbar da za ta ratsa. Ko ya kafa ginshiƙi a tsakiya. Gwanin gwanaye kuwa shi ne mai ɗaure baka: ya dasa azara cikin bango daga ɓangare biyu, ya riƙa ɗaura wata a bakin wata da igiya suna sunkuyowa, shina lulluɓe su da ƙasa, shina jira ta sha iska kafin ya ƙara, har su gamu a sama. In bakuna sunka gitta juna sunka ɗauki rufi mai tulluwa, shi ne ɗaurin guga. Bayan icce sai zana ko ƙirare, sai ƙasa, sai yaɓe, sai indararo mai fidda ruwa nesa da bango.

Wanga ilimi ya kai matuƙa a masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina wajen shekarun 1830. Kusa da mu kuma, a jihar Tawa, wani manomi magini mai suna Falke Barmu ya fara ginin masallacin Yama a 1962, ya yi ta ƙara mishi kyau shekara da shekaru, har a 1986 anka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke nema. Zauren gidanku bai kai waɗannan girma ba, amma ilimin guda ne. Hannun da ya gitta azarar kusurwa a ƙauyenmu, lissafin da ya yi shi ne wanda Babban Gwani ya yi.

ABIN DA ZAURE KE FAƊI

Mu malaman lakwal, a makarantar horon malamai an koya mamu cewa mai tarihi na aiki da shaida: takarda, ko kuɗin da, ko kufai. To, ƙauyukanmu ba su da takardu da yawa. Wanda ya iya karatun zaure kuwa zai samu shaida mai yawa a ciki.

Shaida ta farko ita ce tsawon azara da kaurinta. Giginya ta fi yawa can kudancin Dallol, wajen Yelu, Bana, Bengu da Gaya. Saboda haka doguwar azara a wani gida na arewacin Dutsi tana nufin tafiya ta kwanaki da jakuna ko raƙuma ko amalanke, tana nufin maigidan na da hali, ko kuwa shina da jama'a. Inda anka yi rufi da goriba ko da guntayen iccen daji, wannan ma labari ne: na shekarar da hannu bai kai ba, ko ta hanyar da ba ta biyuwa.

Ta biyu ita ce alamun da ke jikin iccen. Bango na zubewa a sake tada shi, amma ba a yar da azara. A kan zare ta a sake rufi da ita. Shi ya sa za ku ga wata da tsohon gurbin igiya inda babu ɗauri yanzu, wata da baƙin hayaƙi a ɗakin da ba a taɓa hura wuta ba, wata da tabon gobara a kai guda. Kowace ta yi zama a wani ɗaki kafin wanga. In gari ya taɓa tashi daga tsohon wuri saboda rijiya ta ƙafe, ko saboda yunwa irin ta 1913 zuwa 1914 ko ta 1931, abin da mutane ke iya ɗauka daga kufai shi ne icce. Ta haka azara guda ke iya haɗa gidan yau da garin da babu shi.

Ta uku ita ce fasalin zauren. Ƙofar waje da ta ciki ba su kallon juna, don baƙo kada ya hango cikin gida. Ƙofar kan yi ƙasa, sai ka sunkuya za ka shiga, kuma mai sunkuyawa ya riga ya yi ladabi. Ga dakalin maigida, ga lungun da ake jingine sirdi da mashi, ga inda almajirai ke hura wutar karatu, ga ƙyauren icce da sawun gizago a jikinsa. A nan ake ɗaurin aure, a nan ake raɗa suna, a nan ake raba gardamar iyakar gona, a nan ake karɓar gaisuwar mutuwa. In tsoho ya zauna cikin zauren da abin ya faru, sai ka ji sunaye na zubo mishi: wane ya zauna can, wane ya ce kaza. Ku fidda shi ku zaunar da shi gaban bangon siminti, rabin labarin ya tafi. Wuri na riƙe wa mutum tunaninsa.

Ban da tarihi, akwai amfanin da kowa ya sani a jikinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ɗakin kwano ke zama tanda, ina tsofaffi da masu jego ke gudu? Soro. Kaurin ƙasa na tare zafin rana, sai dare ya yi ya sake shi, da hunturu kuma shina riƙe ɗumi.

YADDA ICCEN YA YI WUYA

Wani zai ce, in an ƙone tsohuwar azara ai sai a sayo sabuwa. To, a ina? Giginya ba ta gaggawa. Wanda ya shuka ƙodago, da wuya shi ne zai sari azararsa, sai dai ɗansa ko jikansa. A ƙarni na 20 birane sunka yi ta girma, motoci sunka riƙa kwasar azarar Dallol zuwa Yamai da Doso da wasu wurare. Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Haka ta faru da iccenta. Ga kuma farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, waɗanda sunka kashe itatuwa, sunka tilasta wa talaka sarar abin da ya rage don shi ci abinci. Jama'a ta ƙaru, gonaki sunka cinye daji. Sannan ga muruci. Kowa na son muruci, kuma sana'a ce mai rufa asirin mata da yawa. Amma muruci ƙodago ne da ya tsira, kowane guda da munka ci giginya ce da ba za ta tsaya ba. In an tsince ƙodago duka an kai rami, daji sai shi tsufa babu 'ya'ya.

Hukuma ta ga haka. Dokar daji ta 1974 ta sa giginya cikin itatuwan da ba a sara sai da izini, wata dokar ta maye gurbinta a 2004. A shekarun 1990 an yi wani aiki wajen Gaya, da taimakon ƙasar Suwis, wanda ya sa mutanen ƙauyuka cikin kula da dajin giginyarsu. A 2004 kuma anka sa Dallol Mawri cikin jerin wurare masu dausayi da duniya ta yarda a kiyaye, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Tun 1980, a Cikal ta ƙasar Filinge, anka fara koya wa magina rufi da tubali zalla, babu icce ko ɗaya, don dai a sauƙaƙa wa daji. Duk waɗannan na nuna abu guda: azara mai kauri, baƙa, ta tsohon namijin giginya, irin wadda ke rufin zauren kakanku, yau ba a samunta da sauƙi, in an samu kuma da tsada. Wanda ya sa ta wuta ya ƙone abin da kuɗinsa ba za su maido ba.

ABIN DA YA FARU A WASU WURARE

Tsohon gini ba ya jiran mai shi ya shirya. A watan Agusta na 2023 wani ɓangare na rufin masallacin Zariya da munka ambata ya rufta ana cikin sallar la'asar, mutane sunka rasu. A farkon Satumba na 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda anka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. In manyan gine-gine da kowa ya san da su na faɗuwa, ina ga zauren ƙauye wanda masu shi ke Abijan? Wannan kuma na tuna mamu cewa riƙon tsohon ɗaki ba tare da gyara ba haɗari ne ga rai. Kiyayewa na nufin aiki kowace shekara.

A ƙasar Uganda, a Kasubi cikin birnin Kampala, akwai wani babban ɗaki na icce da ciyawa da anka gina a 1882, inda anka rufe sarakunan Buganda huɗu. UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2001. A watan Maris na 2010 gobara ta cinye shi. Sake gina shi ya ɗauki shekaru fiye da goma, kuma babban abin da ya taimaka shi ne akwai sauran masu baibaya da sunka gaji aikin, sunka koya wa samari. A Faransa ma, da rufin iccen babbar majami'ar Notre-Dame ta birnin Pari ya ƙone ran 15 ga Afrilu 2019, rufin da ya kai wajen shekara 800, sai da anka nemo masassaƙa masu aiki da gatari irin na da, kafin a sake buɗe ta a Disamba 2024. Darasin a fili yake. In gini ya faɗi alhali gwani na da rai, ana iya tada shi. In gwani ya mutu bai koya wa kowa ba, ko ginin na tsaye kwanansa ƙidayayye ne.

A nan Nijar muna da doka ta 30 ga Yuni 1997 kan kiyaye kayan tarihi da al'adun ƙasa, kuma tsohon garin Agadas ya shiga gadon duniya a 2013. Amma kada mu ruɗi kanmu. Babu wani ma'aikaci da zai taso daga Yamai don ya yaɓe mamu zaure. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

ROƘONMU

Ba mu ce kowa ya zauna cikin ɗakin da ke yoyo ba, kuma ba mu hana kowa siminti da kwano ba. Wanda ya sha wahalar biɗa ya cancanci ɗaki mai kyau. Ga dai abin da muke roƙo, a tattauna shi a taro mai zuwa.

Na ɗaya, ga 'yan biɗa. In kun aiko kuɗin gini, ku ce a gina sabo a gefe, a bar tsohon zaure. Fili bai ƙare ba a mafi yawan gidajenmu. Cikin kuɗin ku ware kaɗan na yaɓe da indararo, kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Yawancin sorayen da ke faɗuwa, indararo ne ya toshe, ruwa ya kwana bisa rufi, ya riƙa bin kan azara.

Na biyu, ga magina. A yi hattara da shafa siminti bisa tsohon bangon ƙasa. Siminti da ƙasa ba su shan iska tare. In ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ba ya samun hanyar fita, bango na ruɓewa a ɓoye alhali waje na ƙyalli. Ƙasa da ƙasa ake gyara ta. A riƙa duba kan azara inda ta shiga bango, a karkaɗe hanyar gara tun tana ƙarama, a janye ruwan wanka da na dabbobi daga gindin gini.

Na uku, in ɗaki ya lalace har babu makawa sai an tada shi, to kada a bari rai ya salwanta saboda tarihi, a tada shi. Amma kafin a sa diga, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a auna shi, a zare azara da ƙyaure a hankali, a adana su a inuwa bisa duwatsu, a sake rufi da su.

Na huɗu, ga iyayenmu dattawa. Ku zauna da jikokinku cikin zauren, ku faɗa musu wanda ya gina shi, zamanin wane sarki, bayan wace yunwa, daga ina anka kawo icce, su wa sunka yi gayya. Yanzu kusan kowane gida akwai salula mai ɗaukar murya. Mu malamai mun ɗauki alkawarin sa 'yan lakwal su auna tsofaffin zaurukan gari, su zana su, su rubuta abin da kunka faɗa da Hausa, a aje kofi guda a lakwal, guda wajen maigari.

Na biyar, a nemi tsofaffin magina da masu ɗaurin jinka da sunka rage, a haɗa kowane da saurayi ɗaya ko biyu, ƙungiya ta ɗan taimaka musu da abin goro.

Na shida, wanda ke da gona cikin kwari inda ruwa ke kusa, shi binne ƙodago goma a kan iyaka da farkon damina, shi kare su daga awaki. Giginya ba ta son a cire ta a dasa, inda anka binne ta nan take zama. Masu muruci kuma su riƙa bar wa daji rabonsa.

Kakanninmu sun rufa mamu ɗaki da iccen da ba su ne sunka shuka ba, sun kuma bar shi da kyau har ya iso gare mu. Abin da ya rage shi ne a ga yadda mu za mu miƙa shi. Duk wanda ya san wani tsohon zaure ko soro ko rumbu mai tarihi a garinsu, daga Dogon Kirya har Gesheme, muna roƙo shi rubuto ko shi aiko da saƙo, don a fara jerin sunayensu a fitowa ta gaba.

Allah shi ja kwanan iyayenmu, shi maido da 'yan biɗa gida lafiya, shi ba mu damina mai albarka. Amin.